Nazarin Lamari: Gyaran da Aka Yi wa Hotunan Matan Tudun Hatsi

Wannan nazari ya shafi wani zama da aka yi a wani shagon ɗaukar hoto da ke cikin garin Gombe, tsakanin wani dattijo da ya fara sana'ar tun zamanin fim da ɗakin wankin hoto, da wata matashiya da ta kawo masa hotunan da ta ɗauka na matan da ke sheƙa da bakace a kasuwar Tudun Hatsi, tana neman ya duba ya faɗa mata gaskiya. An sakaya sunayensu, haka ma na matan da ke cikin hotunan. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne an ga gyara iri uku a cikinsa, waɗanda masu duba aikin wasu kan cakuɗa su wuri guda: gyaran da ya shafi hannu da kayan aiki, da gyaran da ya shafi amana tsakanin mai hoto da mutanen da ya ɗauka, da kuma abin da ba gyara ba ne sam, ra'ayin mai dubawa ne kawai ya yafa rigar gyara.

Asalin lamarin

Matashiyar ta koyi hoto ne a gidajen biki, kamar yadda da yawa daga cikin masu shiga sana'ar a yanzu suke yi: kamu, walima, suna, saukar karatu. Kyamararta ta hannu ce, da gilashin da aka saba haɗowa da ita, wanda ke zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55. A harkar biki ta samu karɓuwa, domin tana shiga cikin gida inda namiji ba zai shiga ba, kuma ta iya gyaran fuska a kwamfuta yadda amare suke so. Da kaka ta yi, hatsi ya cika Tudun Hatsi, manyan motoci suna lodin masara da wake da dawa, sai hankalinta ya koma kan wasu mata da ke zama a gefen rumfuna, ana ba su hatsi su fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa a biya su ladan aikinsu. Ta yi ta zuwa wurinsu har suka saba da ita, ta tara hotuna iri biyu: na fuska, inda takan tsayar da mace ta dubi kyamara, da na aiki, inda take ɗaukar su suna cikin hidimarsu. Niyyarta ita ce ta tura wasu zuwa wata gasar hotunan labari, sauran kuma ta baje kolinsu a cikin gari.

Kafin ta je wurin dattijon ta nuna wa abokan sana'arta. Mafi yawansu "masha Allah" suka ce suka miƙo mata wayarta, ɗaya kuma ya ce hotunan sun yi duhu, kyamarar ce ta tsufa. Yabon bai nuna mata abin da za ta riƙe ba, kushen kuma bai nuna mata abin da za ta sauya ba, face ta sayi sabuwar kyamarar da ba ta da kuɗinta.

Yadda zaman ya fara

Abu na farko da dattijon ya yi shi ne ya ƙi duba hotunan a waya. Ya ce ta je ta wanko su ƙanana, ko da a takarda mai araha ce, domin a waya mutum hoto ɗaya yake gani a lokaci guda, yana shafawa yana wucewa, kuma hasken allon wayar yana ɓoye duhun da zai fito a takarda. Da ta dawo da su ya shimfiɗa su duka a kan teburin da yake yankan fasfo, ya sallami yaran shagon ya aike su, ya bar ƙofa a buɗe. Wannan sallama ba ƙaramin abu ba ce. Gyaran da aka yi wa mutum a gaban yaran shago, musamman mace matashiya a sana'ar da maza suka fi yawa, abin da zai riƙe daga ciki shi ne kunyar da ya ji, ba darasin ba.

Bai fara da hukunci ba, tambaya ya fara yi. "'Yata, waɗannan hotuna wa kike so ya gani, kuma idan ya gani me kike so ya sani wanda bai sani ba?" Ta yi ɗan jim, sannan ta ce tana so mutanen Gombe da ke cin tuwon masarar nan su san akwai hannayen da suka tsabtace ta kafin ta iso kasuwar unguwa, kuma su ga matan a matsayin masu sana'a, ba masu bara ba. Ya sa ta maimaita, ya rubuta a bayan wata ambulan, ya ajiye a gefen teburin. Duk abin da ya faɗa bayan haka, in ban da wuri ɗaya da za a zo kansa, da wannan magana tata ya auna shi. A ganina wannan shi ne ginshiƙin zaman gaba ɗaya, domin mai dubawa da bai san abin da aka nufa ba, ba shi da ma'aunin da ya wuce son ransa, kuma sau da yawa abin da yake kira kuskure bai wuce cewa shi ba haka zai ɗauka ba.

Daga nan ya faɗi abin da ya gani ya yi kyau, kuma ya faɗe shi dalla-dalla. Ya ɗaga hotuna uku ya ce a cikinsu babu macen da ta ƙame ko ta rufe baki da mayafi, alamar sun yarda da mai ɗaukar su, kuma wannan abu ne da shi kansa ba zai samu ba ko da zai shekara a kasuwar, domin shi namiji ne. Ba don ya sanyaya mata rai kafin ya soke ta ya faɗi haka ba. Ya faɗa ne domin ta san jarinta, kada ta zubar da shi garin gyara sauran.

Hotunan fuska

A nan ne aka fi samun gyaran hannu, kuma dattijon ya bi shi da sauƙi, har da ɗan raha. Matsala ta farko ita ce duhun da abokin sana'arta ya hango amma ya kasa gano dalilinsa. Yawancin matan suna sanye da hijabi ko mayafi mai haske, ƙura ta ƙara masa fari, bayansu kuma fararen buhuna ne ko sararin sama. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka-toka, don haka idan fari ya mamaye hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, hijabin ya koma ruwan toka, fuskar da take baƙa kuma ta nutse gaba ɗaya. Laifin ba na tsufan kyamara ba ne, sabuwa ma haka za ta yi. Ya nuna mata maɓallin ƙarin haske, ya ce ta ƙara mataki ɗaya ko fiye, ko kuma ta auna hasken a kan kumatun mace ta ƙyale hijabin. Ya kuma ba ta labarin cewa su a zamanin fim sun sha wannan wahala fiye da haka, domin katin da kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto su daidaita launi da shi, tun daga shekarun 1950, hoton farar mace ne a jiki, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Matsala ta biyu ita ce lokacin ɗauka. Da yake sai ta gama hidimar gida take fita, yawancin hotunan tsakar rana ta ɗauke su, rana tana tsakar ka, kuma a irin wannan lokaci inuwar goshi takan sauka cikin ramin ido, ta hanci ta sauka a kan leɓe, mutum ya fito kamar marar lafiya. Ya ce ko dai ta sammaka, ko ta bari sai bayan la'asar, ko kuma, in ba yadda za ta yi, ta ja mace zuwa bakin rumfa inda inuwa take amma haske yana shigowa ta gefe, ta sa wata ta riƙe mata farin buhu daga ƙasa ya mayar da haske kan fuska. Ya tuna mata cewa Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948 kuma hotunansa suka zaga duniya, mafi yawan aikinsa a tsakar gidansa ya yi shi da hasken rana da zanen da ya rataya a bango. Ya ƙara da cewa hazon hunturu, wanda masu hoto suke ƙorafi a kansa, yana tausasa haske ya rage kaifin inuwa, don haka ranar da gari ya yi hazo ba ranar zama a gida ba ce.

Ta uku kuwa ita ce hanci da goshin matan sun fito manya, kunnuwa sun gudu baya. Dalili shi ne rumfunan matsattsu ne, sai take barin gilashin a kan 18 ta matsa dab da fuska. Kusancin ne yake kumbura abin da ya fi kusa da kyamara. Maganinsa shi ne ta ja da baya taku biyu ko uku ta murɗa gilashin zuwa 55, wanda a irin kyamararta ya yi daidai da abin da masu hoton fuska suka fi so.

Duk waɗannan ukun ya wuce su cikin ɗan lokaci, kuma abin lura shi ne bai ambaci matsala ɗaya ba tare da ya haɗa ta da dalilinta da kuma abin da za ta gwada gobe ba. Inda ya ɗan tsaya shi ne wajen gyaran kwamfuta. Ya ɗauki hoton wata tsohuwa ya matso da shi kusa da fitila, ya tambaye ta ko matar tana da tsaga a fuska. Ta ce tana da ita, amma ta ɗan shafe ta tare da tamoji da ƙurar da ke kan gira, ta kuma ɗan haskaka fatar, kamar yadda take yi wa amare. Sai ya jawo ambulan ɗin ya karanta mata maganarta. Idan abin da take so a gani shi ne aikin matan, to ƙurar da ke kan girar ita ce shaidar aikin, tsagar kuma ita ke faɗin asalin matar a garin da ya tara Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da Hausawa. Amarya ita ta biya kuɗinta, ita ta zaɓi yadda take so a gan ta, wannan tsohuwa kuwa ba ta roƙi kowa ya mayar da ita wata daban ba. Matashiyar ba ta yi musu ba, domin da maganar bakinta aka kama ta.

Hoton da ta fi so

A cikin hotunan aiki ya fara da abu mai sauƙi. Ya jera su a layi ya ce ta duba nisan da take tsayawa: duka daga wuri ɗaya, a tsaye, kyamara daidai ƙirji. Babu hoto ɗaya da ya nuna faɗin kasuwar da motocin lodi da 'yan dako, wanda zai sanar da baƙo inda ake, babu kuma wanda ya matsa kan hannu da faifai, ko kan kuɗin da ake miƙa wa mace idan ta gama buhu. Ya ce hotuna bakwai daga ciki magana ɗaya suke yi, ta zaɓi ɗaya ta haƙura da shida. Wannan ya yi mata ciwo, domin kowanne tana tuna wahalar da ta sha kafin ta same shi, amma mai kallo ba ya ganin wahalar, abin da ke jikin takarda kawai yake gani.

Sannan aka zo kan hoton da ta ɗora burinta a kai. Wata mata ce ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo da dawa, rana tana bayanta, ƙaiƙayi ya tashi yana walƙiya, bayanta fes babu komai. Hoto ne mai kyau ƙwarai, kuma dattijon ya faɗi haka kafin komai. Amma ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi tambaya biyu. Ta farko, me ya sa matar take sheƙa iska tana kaɗo mata ƙaiƙayin a jiki, alhali duk mai sheƙa takan tsaya ne yadda iska za ta tafi da shi gefe? Ta biyu, yaya aka yi ƙasar Tudun Hatsi ta zama babu ko leda ɗaya? Matashiyar ta faɗi gaskiya. Ta ce ita ta roƙi matar ta tashi daga inda take aiki ta koma inda rana za ta kasance a bayanta, ta sa ta maimaita zubowar har ta samu yadda take so, sannan a kwamfuta ta goge wata baƙar leda da ƙafar wani yaro da suka shigo ta gefe.

A nan murya ta sauya. Bai ɗaga ta ba, amma rahar ta tafi. Ya ce mata duhun fuska da kumburin hanci kurakurai ne da kowa ya yi yana koyo, amma wannan wani abu ne daban, domin duk wanda ya kalli hoton labari yana kallonsa ne bisa yardar cewa abin da ke ciki haka ya faru, kuma da mai hoto bai zo ba ma haka zai faru. Ya kawo mata misalin Narciso Contreras, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Meziko, wanda yana cikin tawagar da ta ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, a 2013, amma kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da shi a farkon 2014 saboda ya goge kyamarar wani abokin aikinsa daga kusurwar hoton da ya ɗauka a Siriya. Abin da ya goge bai sauya labarin yaƙin ba, amma bai hana a sallame shi ba. Ya kuma gaya mata cewa a gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, ta 2015, kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su saboda an taɓa su fiye da ƙa'ida, kuma masu irin wannan gasa sukan nemi ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara su gwada da wanda aka turo. Ke nan ko ta fuskar ribar kanta ma, hoton zai iya jawo mata zubewar mutunci a wurin da take neman suna.

Abin da ya sa nake ganin wannan gyara ya yi amfani shi ne bai tsaya a kan haramtawa ba, ya nuna mata mafita. Ya ce tsayar da mutum a gyara masa tsayuwa ba laifi ba ne, aikinsa ke nan shekara da shekaru, kuma kowa ya san hoton fuska shiryawa ake yi. Laifin shi ne a shirya abu a gabatar da shi a matsayin wanda aka tarar. Don haka tana da zaɓi biyu: ko ta mayar da ledar da ƙafar yaron, ta sa hoton cikin jerin hotunan fuska, ta rubuta a ƙasa cewa matar ta nuna yadda ake sheƙa ne bisa roƙon mai hoto, ko kuma ta koma kasuwar ta jira ranar da iska da rana za su haɗu da kansu.

Daga hoton ya gangaro kan rubutun da ta yi a ƙasan kowanne. A ƙarƙashin wasu ta rubuta cewa matan zawarawa ne da talauci ya fito da su. Ya tambaye ta ko ta tambaye su. Ta ce biyu sun gaya mata haka, sauran ta ɗauka duk ɗaya ne. Ya tambaye ta kuma ko sun san hotunan za su rataya a bango a cikin garin da mazajensu da surukansu da 'ya'yansu suke, kuma daga bangon wani zai ɗauka da waya ya watsa. Ta ce sun yarda ta ɗauke su. Ya ce yarda a ɗauke ka daban, yarda a baje ka daban, kuma macen aure da aka kira bazawara a bainar jama'a ba a kasuwa za ta ji zafin abin ba, a gida za ta ji shi. Ya ambaci hoton nan da Dorothea Lange ta ɗauka a Kalifoniya a 1936 na wata uwa da 'ya'yanta a lokacin matsin tattalin arzikin Amurka, wanda ya shahara a duniya alhali ba a rubuta sunan matar ba, sai bayan shekara arba'in aka san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta nuna rashin jin daɗinta da yadda hoton ya yaɗu ba ta amfana da komai ba. Sannan ya sake nuna ambulan ɗin: ita ce ta ce ba ta so a ga matan a matsayin masu bara, amma rubutunta tausayi yake nema musu, ba girmamawa ba.

Da ya ga idonta ya kawo ruwa ya dakata, ya ce, "'Yata, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Da aikin banza kika kawo, da na ce masha Allah na sallame ki."

Inda dattijon ya wuce iyaka

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya a kan ma'aunin da ya kafa ba. Bayan an gama da batun amana, sai ya ce ya kamata ta mayar da jerin duka baƙi da fari, domin a cewarsa launi yana raba hankali, kuma hoton labari na gaske baƙi da fari ne. Ya kuma ware wani hoto gefe ya ce ya lalace: hannayen wata mata ne tana bakace, fuskarta a tsaye tar, amma faifan da hatsin sun zama dishi-dishi saboda kyamarar ta ƙifta a hankali, wajen kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, alhali tsayar da hatsi a iska yana buƙatar kusan ɗaya cikin dubu. Har ya ɗauki kwali biyu ya fara rufe gefunan wani hoton yana nuna mata inda shi zai datse.

Matashiyar ta ce, "To, Baba," ta yi shiru. A nan akwai wata matsala da duk mai duba aikin na ƙasa da shi a cikin Hausawa ya kamata ya lura da ita, wato "to" ɗin yaro a gaban babba ba ta nufin ya gamsu, sau da yawa ladabi ne kawai, kuma babban da bai buɗe ƙofar musu da kansa ba zai tashi yana zaton an yarda da shi alhali an bar shi ne da girmansa. Dattijon ya lura cewa wannan "to" ba irin ta ɗazu ba ce, sai ya ce ta faɗi abin da ke ranta, ba zai ɗauka raini ba ne. Ta ce, cikin ladabi, idan aka cire launi ba za a bambanta jar dawa da farar masara da wake ba, kuma matan da kansu da launin hatsin suke gane aikin wace ce, sannan atamfofinsu su ne abin da ke nuna cewa sun yi kwalliya sun fito sana'a. Game da hoton faifan kuma ta ce da gangan ta rage saurin kyamarar, domin bakace motsi ne, wanda aka tsayar da shi cak sai ya zama kamar mace tana riƙe da faifai kawai.

A ra'ayina ita ce da gaskiya a duka biyun, kuma hujjarta daga manufar aikin ta fito, tasa kuwa daga zamanin da ya taso a ciki. Shi ya koyi sana'a ne lokacin da fim mai launi yake da tsada, wankinsa kuma sai an aika wani gari, kuma a shagon hoto duk hoton da ya girgiza asara ne, domin mai shi ba zai biya ba. Waɗannan dalilai ne na gaske a wurinsa, amma ba su shafi aikinta ba. Hanyar da mai dubawa zai gane ya fara ketare iyaka mai sauƙi ce: idan ya kasa haɗa maganarsa da abin da mai aikin ya ce yana nufi, ko da haƙƙin waɗanda aka ɗauka, to ya kamata ya faɗa a fili cewa wannan son ransa ne, a ɗauka ko a bari. Dattijon bai yi haka da farko ba, ya faɗi ra'ayinsa da irin muryar da ya faɗi batun ledar da aka goge, kuma haɗarin hakan shi ne mai koyo ya ɗauki duka biyun da nauyi ɗaya, ko dai ya bi duka ya rasa idonsa, ko ya watsar da duka ya rasa gaskiyar da ke ciki. Ya janye batun baƙi da fari nan take, ya ture kwalayen gefe. Batun faifan kuwa bai janye ba, sai dai ya sauya lafazi ya ce shi dai idonsa bai karɓa ba, amma hotonta ne.

Akwai kuma abin da za a iya cewa game da tsarin zaman. Ya jera gyara da yawa a zama ɗaya, kuma ya bar mafi nauyi zuwa lokacin da ta riga ta gaji. Wani zai ce da ya fara da batun amana tun hankalinta yana sabo. Ni ina ganin jinkirin ya yi amfani, domin sai da ta ga gyaransa na farko gaskiya ne kuma mai amfani sannan ta iya amsa tambayarsa a kan hoton sheƙar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma da ya bar batun launi zuwa wata rana, da zaman ya fi tsabta.

Abin da ya biyo baya

Matashiyar ta koma Tudun Hatsi kafin kaka ta wuce, a wannan karon da safe, kuma ta tafi da hotunan da ta wanke ta raba wa masu su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta bayyana musu inda hotunan za su je, wadda ba ta jin Hausa sosai aka samu mai yi mata bayani da Fulatanci. Sai ta gano cewa da yawa daga cikin waɗanda ta kira zawarawa suna da aure, wasu ma sun daɗe a sana'ar har suna da 'yan kasuwar da ba sa ba kowa hatsinsu sai su. Mace ɗaya ta ce ba ta yarda a rataya hotonta ba, ba ta kuma faɗi dalili ba, aka cire shi, duk da yana cikin ukun da dattijon ya yaba. Wata ta ce a sa hoton amma kada a rubuta sunanta. Tsohuwar mai tsaga kuwa, da aka nuna mata hoton da aka gyara da wanda ba a taɓa ba, na biyun ta zaɓa.

Ta sake rubuta bayanan da ke ƙasan hotunan da abin da matan suka faɗa da bakinsu: irin hatsin da ke hannu, yadda ake biyan aikin, da abin da ake yi da ƙaiƙayi da tsakin da aka fitar. Ta ƙara hotunan da babu su a da, na faɗin kasuwa da na hannaye. Hoton sheƙar ta mayar masa da ledarsa da ƙafar yaron daga ainihin fayil ɗin, ta sa shi cikin hotunan fuska da bayanin cewa shiryawa aka yi, ba ta kuma tura shi gasar ba. Jerin ya tsaya da launinsa. Hoton faifan da ya girgiza shi ta sa a farkon jerin hotunan aiki, kuma da ta kai wa dattijon tsarin ƙarshe ya duba, ya amince da komai in ban da wannan, ya ce har yanzu yana ganin da ta sake ɗaukarsa da sauri ta ajiye biyun gefe da gefe kafin ta yanke shawara. Ta ce za ta gwada idan sabon wake ya shigo kasuwa.